Nazari a Kan Cijewar Kwanso a Tsohuwar Ƙaramar Bindiga Samfurin Luger

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa da ɗalibai a ɗakin koyon aikin ƙarfe ya san wata ɗabi'a tasu mai wuyar kankarewa. Da zarar an ajiye musu na'urar da ta ƙi aiki, kafin ka ce kwabo wani ya ɗauko magagari, wani ya ɗauko guduma, kowa na neman inda zai goga ko ya ƙwanƙwasa. Da wuya a sami wanda zai dakata ya duba alamun da na'urar ke nunawa. Manufar wannan takarda ita ce mu ɗauki na'ura guda, mu bi sawun cuta guda daga cikin cututtukanta, domin mu nuna yadda ake bincike daki-daki kafin a kai hannu ga ƙarfe. Na'urar da muka zaɓa ita ce ƙaramar bindigar nan ta Jamus mai ɗura kanta, wadda aka fi sani da Luger. Cutar kuwa ita ce ƙin fitar da kwanson harsashi bayan an harba.

Mun zaɓe ta ne saboda dalili biyu. Na farko, gaɓoɓinta a fili suke, mutum na iya kallon motsinsu da idonsa. Na biyu kuwa, wanda ya fi muhimmanci, an daina ƙera ta wa sojan Jamus tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka duk ƙarfen da aka goge daga jikinta ya tafi ke nan. Ya kamata kuma mu faɗa tun da wuri cewa dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta samo asali daga 1959, ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin makaman da ba a riƙewa sai da izni na musamman. Don haka bayaninmu ya shafi masu gyaran makamai na hukuma ne, da masu kula da kayan tarihi, da kuma malaman fasaha masu neman misalin da za su koyar da shi.

Kafin mu shiga magana gadan-gadan, sai mun daidaita a kan kalmomi, domin wasu daga cikinsu mu muka ƙirƙira, muna kuma fatan mahalarta taro za su tace su. Kwanso da kunama da albarushi sanannu ne. Ramin da harsashi ke kwanciya a gindin bututu mun kira shi makwanci. Dunƙulen ƙarfen da ke toshe bayan makwanci mun kira shi matoshi. Ɗan ƙarfen da ke kama bakin gindin kwanso ya jawo shi waje, ƙugiya. Wanda kwanson ke karo da shi ya yi tsalle ya fice, matunkuɗi. Ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindin harsashi, wanda allurar bindiga ke sara wuta ta tashi, mun ara masa sunan ƙyastu. Komawar da bindiga ke yi da baya idan an harba kuwa, shuri.

Asalin bindigar da yadda take aiki

Tushenta wata bindiga ce da Hugo Borchardt ya fito da ita a 1893. Georg Luger, mutumin Ostiriya, shi ya rage mata girma ya gyara mata ƙota, kamfanin DWM na Balin kuma ya ƙera. Sojan Suwizalan suka fara karɓar ta a 1900 da harsashi mai faɗin milimita 7.65, sojan ruwan Jamus suka biyo a 1904, sannan sojan ƙasa a 1908 da harsashi mai milimita 9, inda ta samo lakabin P08. Bayan DWM, masana'antar gwamnati ta Erfurt ta ƙera ta, haka ma Simson da Krieghoff, sai Mauser daga 1930. Bututun P08 milimita 100 ne, gidan harsashinta na cin 8.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne gwiwa. A bayan matoshi akwai sandunan ƙarfe biyu da aka haɗa da ƙusa a tsakiya, tamkar cinya da ƙwauri. Idan ƙafa ta miƙe sosai, ko an danna tafinta ba za ta lanƙwashe ba, sai an bugi gwiwar. To haka abin yake a nan. Lokacin da aka harba, bututu da matoshi da gwiwa sukan koma baya tare, a kulle, na ɗan taƙaitaccen zango. Kafin su ƙare wannan zango harsashi ya riga ya fita, matsin hayaƙi ya sauka. Daga nan sai kunnuwan gwiwa su hau wani gangare da ke jikin gangar bindigar, gwiwa ta karye sama, matoshi ya ci gaba da komawa shi kaɗai. Ƙugiya, wadda ke saman matoshi, tana riƙe da kwanso tana jan sa. Can kusa da ƙarshen tafiya sai gindin kwanso ya yi karo da matunkuɗi, wanda ɗan falle ne na ƙarfen sifirin a gefen dama, kwanso ya wuntsila sama ya fice. Babban sifirin da ke cikin ƙota ya maido da komai gaba, matoshi ya ɗebo sabon harsashi.

Abin lura a nan shi ne, babu inda wannan aiki ke samun ƙarfi sai daga shuri. Shurin ne ke buɗe gwiwa, shi ke matse babban sifirin, shi ke ɗana allura, shi ke fizge kwanso daga bangon makwanci. Matunkuɗi yana can ƙarshen layi yana jiran abin da ya rage. In an cinye ƙarfin a hanya, kwanso zai iso gare shi a gajiye, ko ma ya kasa isowa. Shi ya sa wanda ya ga kwanso ya maƙale ya ce matunkuɗi ne ya lalace, sau da yawa ya kama wanda ba shi da laifi.

Kamannin cutar

Ba iri ɗaya cijewar take ba, kuma rarrabe ta shi ne rabin aikin. Wani lokaci za a tarar da kwanso kwance cikin makwanci bai ko motsa ba, matoshi ya koma baya ya bar shi, har ya turo sabon harsashi ya cushe a bayansa. Wannan na nuna ƙugiya ta suɓuce ko makwanci ya riƙe. Wani lokaci kuma kwanso ya fito amma bai tsere ba, gwiwa ta dawo ta danne shi, a gan shi tsaye bakinsa na kallon sama kamar bututun hayaƙi. Wannan shi ya fi yawa a Luger. Akwai kuma na uku mai ruɗarwa, inda za a ja kunama a ji shiru, a buɗe a tarar da kwanson da aka riga aka harba a cikin makwanci. Abin da ya faru shi ne matoshi ya ɗan ja da baya, ƙarfi ya ƙare, ya maido da kwanson inda ya ɗauko shi.

Kafin kowane irin bincike, a cire gidan harsashi, a buɗe gwiwa, a duba makwanci da ido, a kuma taɓa da yatsa. Muna nanata wannan ne saboda wani hali na Luger da ba kowa ya sani ba: sashenta na sama, watau bututu da gwiwa, yana iya tashi ko da an raba shi da ganga da kunama, muddin akwai harsashi a ciki aka kuma danna ƙarfen da ke riƙe allura a gefen hagu. Duk gwajin da za a yi a kan tebur, da harsashin ƙarya za a yi shi, marar albarushi marar ƙyastu.

Harsashi tukuna

Ƙa'idar da muke koya wa ɗalibai ita ce a fara da abin da za a iya sauyawa a kuma maido, a ƙare da abin da in an taɓa shi ba ya komawa. Babu abin da ya kai harsashi sauƙin sauyawa.

Tambayar farko, ko harsashin ma na bindigar ne? Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda takunkumin da aka sa wa Jamus, an sayar da Luger masu yawa a kasuwa da bututun 7.65, kuma a ido ba su da bambanci sosai da na 9. Ga kuma gajerun harsasai masu milimita 9, irin su 9×17, da kan shige makwancin 9×19, wani lokaci har su tashi, amma ba su da ƙarfin buɗe gwiwa.

In an tabbatar da wannan, sai maganar nauyi. Harsashin da aka tsara P08 a kansa nauyinsa giram 8 ne, gudunsa ya ɗara mita 300 a daƙiƙa. A kasuwannin Turai da Amurka kuwa akwai mai giram 7.5. Bisa dokar Newton ta uku, abin da ke tura bututu baya daidai yake da abin da ke tura harsashi gaba, watau nauyi sau gudu. Alal misali, a ce dukkansu biyu suna gudun mita 330. Na giram 8 zai ba da 2,640, na giram 7.5 ya ba da 2,475. Bambancin ya ɗan haura kashi 6 cikin 100. A bindigar zamani wannan ba komai ba ne, amma ga tsohuwar da mai ya daskare a gaɓoɓinta, shi ne tsakanin fita da maƙalewa. Tsawo ma na da tasa rawar. Iyakar tsawon harsashin 9×19 milimita 29.69 ne, gidan harsashin Luger kuma a karkace yake ƙwarai saboda kwanciyar ƙotar, don haka ya fi jituwa da harsashin da ya kusanci wannan tsawo.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A sa harsashi ɗaya rak a gidan harsashi, a ɗura, a harba a filin da hukuma ta tanada. An yi Luger ne yadda in harsashi ya ƙare gwiwa za ta tsaya a buɗe, kuma ba za ta tsaya ba sai matoshi ya kai ƙarshen zangonsa. In ta tsaya sau biyar a jere, ƙarfin ya isa, a nemi laifin a wani wuri. In ta rufe, tafiyar ba ta cika ba. Sai dai a tuna cewa P08 na farko-farko ba su da wannan marikin, a 1913 aka ƙara shi, kodayake an bi da yawa daga cikin tsofaffin an sa musu daga baya.

A nan ne muke so mu yi tsokaci a kan wata magana da ta yaɗu, cewa wai Luger ba ta aiki sai da harsashi mai zafi. A ganinmu wannan magana ta kashe bindigogi fiye da yadda tsatsa ta kashe. Harsashin da aka ƙara wa matsi, irin wanda ake sa wa alamar +P, lalle zai buɗe gwiwa, amma da duka zai buɗe ta. Wutsiyar gwiwa za ta riƙa dukan bayan ganga har ta yi mata tabo, matoshi kuma, wanda dama an rarake samansa domin zaman ƙugiya, yana iya tsagewa a daidai wannan wuri. Abin ban mamaki ma, ƙarfin da ya wuce kima kan jawo irin cijewar da ake gudu, domin gwiwa na iya dukan baya ta dawo da sauri ta cafke kwanso kafin ya bar wurin. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Hannun mai harbi ma na cikin lissafi. Bututu yana komawa baya ne a kan ganga, ganga kuwa hannu ke tokare ta. In wuyan hannu ya saki, ganga ta bi bututu baya, wani kaso na shurin ya tafi a banza. Maganin wannan shi ne a miƙa wa wani ya harba da harsashi iri ɗaya. In ta yi masa aiki, an gano mai laifi ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Abin da kwanso ke faɗa

Tagulla ta fi baƙin ƙarfe laushi, saboda haka duk abin da ya taɓa kwanso cikin wannan ɗan lokaci sai ya bar masa shaida. Muna ba da shawarar a tsince kwanso goma, da waɗanda suka fita da waɗanda suka maƙale, a jera su a kan farar takarda, a duba da tabaron ƙara girma.

Lafiyayyen kwanso jikinsa sumul yake, da ɗan tabon ƙugiya a bakin gindinsa, da wata 'yar ɗigon alama inda ya yi karo da matunkuɗi. In aka ga jikinsa ya yi kaushi kamar an birgima shi cikin yashi, ko ya yi ƙuraje, to makwanci ya ci tsatsa. Dalilin wannan na cikin tarihi. Ƙyastun harsasan soja da yawa na wancan zamani yana ɗauke da wani sinadari da kan bar gishiri a bututu bayan ya ƙone. Gishiri na jawo laima, laima ta kawo tsatsa, kuma mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi. Bindigar da aka shafe da mai aka ajiye ba a wanke ta da ruwan zafi ba, tsatsa na cin ta a ƙarƙashin man. Lokacin harbi kuwa, matsi na hura kwanso ya lafe da bango, tagulla ta shige cikin kowane rami, fitar da shi ya zama kamar cire ƙusa daga katako. An yi kwanson 9×19 da ɗan tsukewa, gindinsa milimita 9.93, bakinsa 9.65, domin da ya motsa kaɗan ya saki bango. Ramukan tsatsa su ke ɓata wannan dabara.

In bakin gindin kwanso ya yage ko ya lanƙwashe, ƙugiya ta yi aikinta, ta ja iya ƙarfinta, makwanci ne ya ƙi saki. In kuwa kwanso ya zauna a ciki amma bakin gindinsa lafiya lau, ƙugiya ce ba ta kama ba tun farko. Baƙin hayaƙi da ya shafe gefe guda tun daga baki har kusan gindi yana nuna matsin bai isa ya lafe da kwanso a bango ba, wanda ya sake maido mu ga raunin harsashi. Ƙyastun da ya baje ko ya huje na nuna akasin haka, kuma a nan sai a dakatar da harbi nan take.

Akwai wata alama da muke so mu daɗe a kanta, domin ita ce tarkon da ya fi kama masu gaggawa. Kwanson da ya fito daga yawancin tsofaffin P08 yana da wani zobe siriri da ya kewaye shi kusa da baki, har ya yi kamar mai ɗan wuya. Wanda bai sani ba zai ɗauka makwancin ne ya lalace, ya nemi abin kankarewa. Alhali da gangan aka yi shi. Georg Luger ya sa wani ɗan tudu a cikin makwanci domin bakin kwanso ya matse a kansa ya hana hayaƙi komowa baya. Da kwanson tagulla wannan tudu ba ya hana komai. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu, da tagulla ta yi wa Jamus ƙaranci ta koma yin kwanson baƙin ƙarfe mai shafen fenti, aka ga tudun na riƙe kwanso, aka daina sa shi. Darasin a nan shi ne, bindiga mai wannan zobe a ba ta kwanson tagulla, a ƙyale mata makwancinta. Wanda ya kankare tudun ya yi gyaran gangar Abzinawa, ya share wata shaida ta tarihi, cijewar kuma wataƙila tana nan.

Wankewa da gidan harsashi

Ba za mu tsawaita a kan tsabta ba, sai dai mu ce man da ya shekara hamsin yakan daskare ya zama kamar ƙaro, musamman a ƙarƙashin ƙugiya da cikin hanyoyin da matoshi ke bi. An ƙera Luger da matsi ƙwarai, babu sarari tsakanin gaɓoɓinta, gwiwarta kuma a waje take. A ƙasa irin tamu, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, yawan mai kan zama illa, domin mai da ƙura in sun haɗu sun zama abin goge ƙarfe. Makwanci kuwa a bar shi a bushe.

Gidan harsashi shi ne sashen da ya fi shan wuya, ya faɗi ƙasa, a taka shi, a matse shi cikin aljihu. In leɓɓansa sun buɗe, harsashin da ke sama yakan ɗago fiye da kima ya gogi cikin matoshi, ya rage masa gudu, ko ya tunkuɗe kwanson da ke fitowa ya raba shi da ƙugiya kafin lokaci. Kamfanin Mec-Gar na Italiya na ƙera sababbi. A gwada da sabo, a adana na asali mai gindin katako ko na alminiyam yadda yake.

Ƙugiya da matunkuɗi da sifirin

Sai yanzu muka iso ga waɗanda aka fara zargi. Ƙugiyar P08 na da aiki biyu: in akwai harsashi a makwanci takan ɗago sama, a ga kalmar GELADEN a gefenta, ma'ana a ɗure take. A tura ta sama da ɗan tsinke, a ji ko tana dawowa da ƙarfi. In ta yi laƙwas, ɗan sifirin da ke ƙarƙashinta ya mutu, kuma sauya shi ba ya ɓata komai. A duba haƙorinta da tabaro, ko ya ɓantare ko ya dakushe. Matunkuɗi kuma a duba ko hancinsa na nan, yana kuma leƙowa cikin tsagin da aka yi masa a gefen matoshi. Ƙarfen sifirin ne siriri, ya fi karyewa a hannun mai cire shi fiye da a wurin harbi, don haka in ba dole ba kada a ɓanɓare shi.

Babban sifirin shi ne na ƙarshe. Samfurin 1900 na da mai falle, daga 1906 aka koma mai naɗi, kuma na 7.65 dabam yake da na 9. Bindigar da ta ratsa hannaye da yawa ba mamaki a tarar an sa mata wanda ba nata ba. In ya yi tauri da yawa, gwiwa ba za ta kai ƙarshe ba. In ya yi laushi, ta riƙa dukan ganga, ta kuma kasa rufewa sosai. Mun sha ganin ɗalibi, a kan wasu na'urorin, ya datse naɗi biyu daga sifirin don ya ga abu ya motsa. A nan yin haka na nufin an maida kowane harbi dukan guduma a kan ƙarfen da ya haura shekara 80.

Wani abu kuma da mai kula da kayan tarihi zai fi kowa damuwa da shi: a yawancin Luger na soja an buga lambobi biyu na ƙarshe na lambar bindigar a kan ƙananan gaɓoɓinta, har da matoshi da sandunan gwiwa da ƙugiya, saboda da hannu aka daidaita kowanne da ɗan'uwansa. Ƙugiyar da aka ciro daga wata bindiga ba lalle ta zauna daidai ba sai an goge ta. In har ya zama dole a yi guga, to a goge baƙuwar, a naɗe ta asalin cikin takarda mai maiƙo, a rubuta lambar bindigar a kai, a ajiye ta tare da ita. In kuwa tabaro ya nuna tsagi, ko da siririn gashi ne, a saman matoshi ko kusa da ramin ƙusar gwiwa, binciken ya tsaya nan. Sai a rubuta a katin bindigar cewa an daina harba ta, a cire mata allura a adana dabam, a mai da ita akwatin gilashi.